Mai Makulli da Muryar Gwaji

Shagonsa yana ƙarƙashin matattakalar wani bene inda ake sayar da wayoyi da kayan gyaransu. Wurin bai kai a kira shi ɗaki ba. Tebur ne guda, da injin yankan makulli a ɗaure a kansa, da allo mai ƙusoshi inda makullan da ba a yanka ba tukuna suke rataye jeri-jeri. Idan ya miƙe tsaye sai ya sunkuyar da kai don kada ya gwaru da siminti. Kowa a ginin Mai Makulli yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci.

Ya haura hamsin. Kunnensa na hagu ya mutu tuntuni, na dama kuma yana bin sahu. Likita ya gaya masa ƙarar injin ce ta ci su a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Audugar da yake cusawa yanzu saurin abin kawai za ta rage. Mai son magana da shi sai ya zagayo ta damansa, ya bar shi ya ga bakinsa.

Abin da yake so kafin na daman ya rufe guda ɗaya ne. Yana so ya ji wata waƙa tasa tana fitowa daga rediyo a bakin wani mawaƙi, da kiɗanta da komai, a kuma rubuta sunansa a ƙarƙashinta a matsayin wanda ya tsara ta. Ya fi shekara ashirin yana aika waƙoƙi. Ba a taɓa ɗaukar ko ɗaya ba.

"Mutane ba sa ganewa," ya ce da ni ranar farko da na zauna a kan bencinsa. "Da ka ce kana waƙa sai a ce to rera mu ji. Ni ba mawaƙi ba ne. Ni dai in yanka ta, wani ya je ya buɗe ƙofa da ita."

Ga yadda sana'ar take, kamar yadda ya bayyana mini. Akwai kamfanonin wallafa waƙa. Aikinsu su karɓi waƙa daga hannun wanda ya rubuta kalmominta ya kuma ɗora mata kari, wato hawa da saukar muryar da za a rera ta da shi. Su yi mata rajista, su kai wa mawaƙa. Idan wani ya rera ta aka sa a rediyo, a raba abin da aka samu. Akwai kuma jerin sanarwa da ke fitowa duk wata ga masu wannan nema: mawaƙi kaza yana neman waƙa mai zafi don rawa, mawaƙiya kaza tana neman mai sanyi, kada ta yi tsawo, a aiko kafin ƙarshen wata. A da takarda ce ake aiko masa ta gidan waya. Yanzu a wayarsa take zuwa, yana karantawa da tabarau a ƙarshen hanci tsakanin mai makulli da mai makulli.

Maƙwabcinsa a ƙarƙashin benen mai gyaran agogo ne, kuma shi ya fi kowa sanin ranar da jerin ya fito.

"Yau kuma wa za a yi wa sadakar waƙa?" in ji mai agogo, da ƙarfi, ta ɓangaren dama.

"Wanda bai roƙa ba."

"Ai shi ya sa ba ya godiya."

"Kai dai gyara agogon mutane. Na wancan malamin da ka gyara jiya, yau baya yake tafiya."

A farkon shekarun kaset yake aikawa a cikin ambulan mai kauri. Yawancinsu sun dawo masa ba a buɗe ba, da hatimi a goshi cewa ba sa karɓar abin da ba su nema ba. Daga baya ya koyi rubuta wasiƙar neman izini tukuna, ya koyi sa waƙa uku kawai ba goma ba, ya koyi kawo amshi da wuri saboda an ce masa mai sauraro ba ya wuce rabin minti. Duk dokar da aka gindaya ya bi ta. Yanzu da aka koma aikawa ta waya ba abin da ke dawowa sai saƙon na'ura: an karɓa, idan ba ka ji daga gare mu ba ka ɗauka bai dace ba.

"Ambulan ya fi," ya ce. "Ko ba komai hannun mutum ya taɓa shi kafin ya dawo."

Ba a aika waƙa a rubuce kawai. Dole a rera ta a ɗauka, don mai sauraro ya ji karin. Wannan ɗaukar ita masu sana'ar ke kira gwaji, mai rerawar kuma muryar gwaji. Da farko shi yake rera nasa. Matarsa, wadda ke ɗinki a gida, ta gaya mini yadda abin yake ba tare da ta ɗaga ƙafa daga keken ba.

"Kamar ana jan tebur a kan siminti. Na ce masa, Malam, in dai so kake a ɗauki waƙar nan, ka rufa mata asiri ka cire bakinka a ciki."

Haka ƙanwarsa ta shigo. Ita ce ƙarama a ɗakinsu, shi ya sa har yau da ta kusa arba'in Auta ake ce mata. A lokacin guga take yi a ɗakin wanki na wani otal, tana tsaye daga safe zuwa la'asar a gaban zannuwan gado. Ba ta taɓa hawa dandamali ba. Amma tun suna yara idan tana wanke-wanke maƙwabta kan rage rediyonsu.

Suna ɗaukar gwajin ne a wani ɗaki a bayan shagon aski, wanda aka manne bangonsa da kwalin ƙwai da tsofaffin barguna. Mai wannan situdiyon yana da makirufo ɗaya mai kyau da fanka wadda dole a kashe kafin a fara. Yadda suke aiki bai taɓa canjawa ba. Mai Makulli ya miƙa mata takardar kalmomin, ya riƙa buga tebur da makulli don ba ta tafiyar kiɗan, yana gunaguni da karin a maƙogwaro. Ita kuma ta tsinto waƙar daga cikin gunagunin.

"Yaya, nan hawa kake yi ko tari ne ya kama ka?"

"Hawa ne, mara kunya."

"To ka hau mana in gani. Wannan ai a zaune kake."

Sau biyu ko uku ta bi shi, sai ta rufe ido ta rera. Mai situdiyo ya gaya mini akwai ranar da wanzamin ya bar kan mutum rabi a aske ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Mai Makulli ya tabbata ya sami abin da ya rasa. Shekara kusan goma duk waƙar da ya aika da muryar Auta ta tafi, kuma kowace shekara muryar tana ƙara nuna. Yakan hana ta shan ruwan sanyi kafin ɗauka. Yakan sa a maimaita baiti ɗaya har sai ya ji tsikar jikinsa ta tashi, sannan ya ce a aika.

Shekara uku da suka wuce sanarwa ta fito cewa wata babbar mawaƙiya tana neman waƙar rabuwa, ta hannun wani kamfani da ya daɗe yana aika wa. Yana da ita a ajiye. Ya same ta ne a bakin aiki. Ya ce sababbin ma'aurata kan zo a yanka musu makulli biyu suna dariya, bayan wasu shekaru ɗayansu ya dawo shi kaɗai ya sayi sabon kwaɗo. Wata rana wata mata ta kawo makulli ta ce ya lalace, ya duba ya ga lafiyarsa ƙalau, bai san yadda zai gaya mata ba. Amshin waƙar ke nan:

Ka bar mini makulli, ka sauya kwaɗo,
Ina ta murɗawa, ƙofa ba ta san ni ba.

Auta ta rera, suka aika. Bayan 'yan makonni waya ta yi ƙara yana tsakiyar yanka. Bai ji ba, mai agogo ne ya jefe shi da murfin biro. Muryar mace ce. Ta ce daga kamfanin take, tana so ya zo ofis, kuma ya zo da wadda ta rera.

Matarsa ta goge masa riga. Mai agogo ya ara masa agogo mai tafiya daidai, ya ce idan ya zama babban mutum kada ya manta da 'yan ƙarƙashin bene. Auta ta nemi wata ta tsaya mata a wurin guga.

Ofishin yana hawa na sama a wani gini mai lif. Ɗaki ne ƙarami mai kafet, da tebur cike da na'urorin sawa a kunne. Matar da ta kira shi dattijuwa ce, aikinta sauraren abin da aka aiko. Abin da aka faɗa a ɗakin daga bakinsa da na Auta na ji shi, kowa daban, kuma bai saɓa ba sai a wuraren da shi bai ji ba.

Ta ce ta san sunansa. Ta ce shekaru tana jin waƙoƙinsa, kuma ba ta jefar da su kamar yadda yake zato. Wasu ta kai su gaba. Wannan ta makulli ta sa wa babbar mawaƙiyar da kanta, ta kuma sa wa wasu biyu.

"Kowacce sai ta saurara har ƙarshe," in ji matar. "Sannan ta cire abin kunne ta ce, wace ce wannan? Ba wadda ta tambayi wa ya rubuta. Malam, ƙanwarka ta cika waƙar."

Mai Makulli ya washe baki ya dubi Auta. "Kin ji ko? Na sha gaya miki. Ai ta cika mawaƙiya, Hajiya, tun tana ƙarama."

"Ba haka nake nufi ba."

Auta ta matso da kujerarta ta damansa. Matar ta sake faɗa a hankali, Auta tana maimaita masa a kunne. Muryar gwaji, in ji ta, ba a so ta yi daɗi sosai. Ana so ta tsaya a kan kari, ta fito da kalmomi, ta tsaya nan. Mawaƙiya idan tana sauraren gwaji kanta take nema a ciki, tana jin inda za ta ja, inda za ta karya murya, inda za ta sa nata. Sai an bar mata wuri. Auta ba ta bar wa kowa wuri ba. Duk inda za a ja ta riga ta ja, duk inda za a yi kuka ta riga ta yi. Wadda ta ɗauki waƙar bayanta ta san masu kiɗa da masu ɗauka duk sun ji gwajin, kuma za su riƙa auna ta da wata mai guga da ba wanda ya sani. Ba mawaƙiyar da za ta yarda da wannan.

"Shekara nawa ke nan?" ya tambaya.

"Tun da ta fara rera maka."

"Me ya sa ba a gaya mini ba?"

"Ba ma ba da dalili. Doka ce. In mun ba mutum ɗaya, sai mun ba dubu."

Ya ce to a sake ɗaukar ta makullin da wata murya, gobe ma zai iya. Ta girgiza kai. Waɗanda za su iya ɗauka sun riga sun ji, kuma ba a cire murya daga kunnen mutum. Wannan da sauran da ta kai gaba sun ƙone, kalmar da ta yi amfani da ita ke nan.

Sannan ta juya ga Auta. Kamfanin yana da ɓangaren da ke fitar da faifai, kuma shugaban ɓangaren ya ji muryar. Abin da ya sa aka kira su ke nan.

"Da waƙoƙin Yaya?" in ji Auta.

"Faifan farko marubutan gida ne ke cika shi. Su ke kan kwantiragi da mu, su gidajen rediyo suka sani. Idan ya karɓu, a na biyu kina da baki."

"To ku ɗauke shi ya zama na gida."

"Ba a ɗaukar marubuci sai an taɓa rera waƙarsa."

"Kuma ba a rera waƙarsa sai an ɗauke shi."

Matar ba ta musa ba. Ta miƙa mata takardu ta ce ta je ta karanta. Akwai sharaɗi guda da ta nuna mata da yatsa don kada ta ce ba ta gani ba: daga ranar da ta sa hannu, ba za ta sake ɗaukar muryarta ga kowa ba sai kamfanin, ko da gwaji ne.

Suka sauko a lif. A motar haya Auta ta naɗe takardun ta cusa a jaka kamar abin ƙazanta.

Rigimar a gidansa aka yi ta, a tsakar ɗaki, keken ɗinki a tsaye. Auta ta ce ba za ta sa hannu ba. Ta ce ita ba ta nemi kowa ba, rakiya ta yi. Ta ce muryar da suke so a kan waƙoƙinsa ta girma, su je su nemi wata.

"Ki koma guga ke nan," in ji shi.

"Da can a ina nake?"

"Ƙafafunki sun fara kumbura, kina tsammani ban gani ba? Kunne ne ba ni da shi, ba ido ba."

"Yaya, in na sa hannu wa zai rera maka?"

"Ai kin ji da kunnenki. Rerawar taki ce ta kashe ni."

Matarsa ta ce wannan maganar ta fita da nauyi fiye da yadda ya yi niyya. Auta ta tashi ta ɗauki mayafinta. Ya bi ta har bakin titi da silifas ɗaya yana kiran ta. Abin da ya faɗa mata a can gajere ne: ta sa hannu, ta yi na farko da kyau, a na biyu ta sa tasa ko guda ɗaya ce. Wannan ce hanya mafi kusa da ya taɓa gani. Kunnen zai jira.

Ta sa hannu.

Faifan ya fito bayan shekara guda da wani abu. Marubutan gida sun ba ta waƙoƙin rawa masu sauri, irin waɗanda ake yayi, aka kuma bi muryar da na'ura aka goge ta har wanzamin nan ya ce bai gane ta ba. An sa ɗaya a rediyo na ɗan lokaci. Bai faɗi warwas ba, bai kuma tashi ba. Maganar na biyu ana ta ɗaga ta. A halin yanzu Auta amshi take yi a bayan wasu mawaƙan kamfanin, ciki har da babbar nan da ta ƙi waƙar makulli. An koya mata ta rage murya don kada ta rufe ta gaba. Aikin ya fi guga, ta ce, ana zama. Kwantiragin bai ƙare ba, sharaɗin ma yana nan. Ta roƙi a bar ta ta rera ta makullin ko a ƙarshen wani taro ne, aka ce waƙar da ba ta cikin rajistar kamfani ba ta hawa dandamalinsu.

Shi kuwa ya koma ɗakin bayan shagon aski. Ya fara gwada muryarsa, tunda an ce ba a son mai daɗi.

"Na ce masa, Baba, ba mai daɗi ba daban, ba a kan hanya ba daban," in ji mai situdiyo. "Da can muryar ce ba kyau amma karin yana nan daram. Yanzu yana farawa a nan ya ƙare a can, bai san ya sauka ba. Kiɗan ma sai na ɗaga masa hannu yake shiga."

Sai suka nemo wata malamar makaranta mai murya madaidaiciya, irin wadda ba ta tsorata kowa. Ta yi ƙoƙari. Amma ita ba ta girma da gunagunin nan ba, ba ta san tari daga hawa ba. Tana rera abin da take zaton ya ce. Shi kuma idan aka sa masa abin kunne, ƙarar gangar yake ji da wani abu sama-sama kamar magana a ɗakin maƙwabta. Yakan kawo gida ya sa wa matarsa.

"Haka take?"

"Kamar dai haka take, Malam."

"Kamar, ko haka?"

"To ni na san yadda take a cikin kanka ne?"

Ya aika su haka. Dattijuwar nan mai sauraro ta bar aiki bara. Ya buga lambarta, wani ya ɗauka ya ce yanzu ba a aika wa mutum, shafi ne ake shiga a ɗora. Ya shiga ya ɗora. Saƙon na'ura ya zo.

Na tambaye shi ko yana jin haushin ta. Ya ɗauka Auta nake nufi, ya ce a'a da sauri. Na ce dattijuwar. Ya yi ɗan tunani.

"Ita kaɗai ce a duk shekarun nan ta gaya mini wani abu. Ta makara ne kawai." Ya juya wani makulli a hannu. "Laifin nawa ne. In mutum ya kawo mini makulli in yi masa irinsa, ba na ƙara masa haƙori don ya fi kyau. Na san wannan tun ina yaro. Ban taɓa kawo shi kan waƙa ba."

Na raka shi asibiti a zuwansa na baya-bayan nan, da izininsa. Aka sa shi a wani ɗan akwati mai gilashi, aka ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Daga waje ina ganin ma'aikaciyar tana danna maɓalli tana kallon sa, shi kuma yana zaune hannunsa a kan gwiwa yana jira a fara. Likita ya ce na'urar ƙara ji za ta taimaka masa da magana. Ya tambaya, da waƙa fa? Likita ya ce zai ji ana yi, amma hawa da saukar ba lallai su zo masa daidai ba, kuma jin nasa zai ƙara raguwa. Ya tambaya ko akwai lokaci. Likita ya ce ba ya son ya faɗi abin da bai tabbatar ba.

A hanyar dawowa ya ce mini jerin wannan wata ya fito, akwai mai neman waƙar uwa da ɗa, kuma yana da wata sabuwa da ta dace.

Ranar da na je yi masa sallama na tarar da Auta a shagon. Takan biyo idan an tashe su da wuri. Ɗauka aka hana ta, ba a hana ta rera wa yayanta a ƙarƙashin bene ba. Ya kashe injin, ya miƙa mata takardar sabuwar waƙar, ya fara buga tebur yana gunaguni. Mai agogo ya ajiye abin da ke hannunsa. Auta ta sunkuyo har kunnenta ya kusa taɓa bakinsa. Ta sa ya maimaita. Ta sake sa shi. Ba ta yi masa tsiya ko sau ɗaya ba.

Sannan ta zagaya ta damansa ta rera. Masu sayar da waya biyu suka leƙo daga sama. Shi bakinta yake kallo, yatsansa yana bin tebur.

"Yauwa," ya ce da ta gama. "Ita ce. Haka za ki koya wa malamar."

Wani ya zo da makullin mota, Mai Makulli ya juya ya kunna injin yanka. Auta ta rako ni zuwa bakin titi. Na ce mata waƙar ta yi daɗi.

"Kalmomin nasa ne," ta ce. "Karin ban sani ba. Tun bara ba na samun komai a cikin gunagunin, layi ɗaya ne miƙaƙƙe. Sai in ɗora abin da ya zo mini, shi kuma ya ce ita ce."

Na tambaye ta ko za ta gaya masa.

"In gaya masa me? Yana jin ta a cikin kansa, daidai, da kiɗanta. Fitowa ce ba ta yi." Ta tsayar da mota. "Gobe zan je wurin malamar in koya mata. Ranar Litinin yake so a aika."